Ido Ba Mudu Ba: Tarihin Gasar Girki a Telebijin da Ra'ayin 'Yan Kallo a Ƙasar Makoɗa

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama gaban akwatin telebijin a 'yan shekarun nan ya san irin shirin nan da akan tara gwanayen dafa abinci, waɗanda girki shi ne sana'arsu, a ba kowa murhu da wuƙa da kayan miya, a yanka musu lokaci. In lokaci ya cika sai alƙalai su bi faranti ɗaya-ɗaya suna ɗanɗanawa, daga nan su ce wane ya wuce, wane kuma ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Ba a ƙasar Hausa aka ƙago wannan shiri ba, amma ya iso mu, har ya kai ƙauyukanmu na ƙasar Makoɗa, inda mutane kan kalle shi su kuma tofa albarkacin bakinsu.

Abin da nake so in duba a wannan maƙala shi ne wannan albarkacin baki. Na lura cewa wasu 'yan'uwana ɗalibai, in suka ji mutumin ƙauye yana kushe abin da ya gani a irin wannan gasa, sai su yi murmushi su ce rashin wayewa ne. Ni kuwa a ganina kowace magana da 'yan kallon nan ke yi tana da tushe a cikin tarihin abincinmu da na masu dafa shi. Saboda haka zan fara da bayyana ko wane ne ɗan kallon, da yadda telebijin ta kai gare shi. Daga nan in waiwayi masu sana'ar girki a ƙasar Kano tun kafin zuwan Turawa, sannan in zo kan ita gasar da abin da ake faɗa a kanta.

Ƙasar Makoɗa da Zuwan Telebijin

Makoɗa tana arewa da birnin Kano, maƙwabciyar Ɗambatta ce, kuma daga jikin Ɗambatta aka yanke ta aka mai da ita ƙaramar hukuma a 1996, hedkwatarta tana Koguna. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 220,000. Ƙasar noma ce mai yawan jama'a, gona tana manne da gona, kuma kusan kowace shekara sai an nome ta, domin babu filin da za a bari ya huta. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin shuka, ga kuma ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye a cikin gonaki, kowace bishiya da mai ita. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san cewa ɗan kallon da nake magana a kansa manomi ne, ko matar manomi, ko ɗansu. Ya san hatsi tun daga ranar shuka har ranar da aka kai shi rumbu, ita kuma ta san shi tun daga sussuka har kwasar tuwo. Irin waɗannan mutane ba baƙi ba ne a sha'anin abinci.

Ita kuwa telebijin ta daɗe a hanya kafin ta iso. An buɗe gidan telebijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗa gidajen telebijin na ƙasa duka ƙarƙashin hukumar NTA. Da aka koma mulkin farar hula, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983, ya kafa wa jihar nata gidan, watau CTV, wanda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. To amma a waɗancan shekaru akwatin telebijin kayan birni ne da na gidajen ma'aikata. Mutumin karkara rediyo ya sani, kuma rediyo ba ta nuna faranti.

Abubuwa uku suka canja wannan. Na farko, gidajen kallo da samari suka buɗe da janareta don ƙwallon ƙafa da finafinan Hausa da na Indiya. Na biyu, faifan tauraron ɗan adam mai araha, wanda ya kawo tashoshin Larabawa da na Turai, ya kuma kawo tashoshin Hausa irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Na uku kuwa wayar hannu, wadda ake cajinta da hasken rana, a tura mata guntayen shirye-shirye a kasuwar Ɗambatta ko a shagon mai caji. Ita wayar ce ta shigar da kallo cikin gida, har gaban murhu, wurin matan da ba sa zuwa gidan kallo. Daga ranar da haka ta faru, gasar girki ta sami alƙalan da ba ta san da su ba.

Masu Sana'ar Girki a Da

Wani zai ce ai dafa abinci a matsayin sana'a Turawa suka zo mana da shi. Tarihi bai nuna haka ba. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta daɗe da masu sayar da dafaffen abinci. Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin masu gashin nama kusa da mahauta, sun kewaye wuta da tsinkaye, an jera tsoka da kitse, ga kuma mata masu sayar da abin sha na gero. Duk wanda ya karanta bayaninsa zai gane tukuba ce yake siffantawa, irin wadda har gobe ake gani a kasuwanninmu.

Masu wannan sana'a kashi biyu ne. Kashi na farko maza ne, galibinsu mahauta, masu tsire da balangu da kilishi. Sana'arsu ta gado ce, suna da shugaba, watau Sarkin Pawa, kuma yaro yakan yi shekaru yana hura wuta da fiƙe tsinke kafin a yarda ya taɓa yaji. Kilishi kaɗai ya isa misali: a sheme nama ya yi fale-fale kamar takarda, a shanya ya bushe, a tsoma shi cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Wanda bai ƙware ba tun a wurin yanka zai ɓata shi.

Kashi na biyu, kuma su ne mafi yawa, mata ne da ke cikin gida. Su ne masu fura da waina da ƙosai da ɗanwake da dambu da ƙuliƙuli da daddawa. Ba a ganinsu a kasuwa, yara ne ke kai musu talla, amma kowa ya san hannunsu. Masaniyar nan Polly Hill, wadda ta yi nazari a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina da kuma Ɗorayi ta ƙasar Kano, ta nuna yadda wannan ciniki na cikin gida yake da girma, har ya zama wata kasuwa mai zaman kanta. A birni kuma cuɗanya da Larabawan Tarabulus da Gadamas ta bar mana abincin alkama, irin su gurasa da alkubus da alkaki, waɗanda sunayensu ma daga Larabci suke.

To, a wancan tsari akwai gasa? Ƙwarai kuwa, sai dai ba a kiranta da wannan suna. In masu waina biyu suna unguwa ɗaya, wadda tallanta ya riga ƙarewa ita ta ci. In kishiyoyi suna gida ɗaya, ranar girkin kowacce ranar jarrabawarta ce, kuma akushin da ya dawo daga zaure shi ne sakamako, in ya dawo a sharce an yaba, in ya dawo da saura an yi magana ba tare da an buɗe baki ba. Amarya ranar da ta shiga girki dangin miji ne alƙalanta. Haka nan tuwon Salla da ake rabawa maƙwabta, da garar da ake kaiwa gidan miji, duk wuraren gwada hannu ne. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan gasanni wanda ya ci abincin shi ne mai hukunci. Ba wanda ke ɗanɗanawa a madadin wani.

Zuwan Kuku

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Tare da su wani sabon ma'aikaci ya bayyana, wanda sunansa ma aro ne daga Turanci, watau kuku. Kowane Joji da kowane Di'o yana da kuku da boyi, in zai fita rangadi a ɗauki akwatin tukwane a bi shi. Kuku namiji ne, albashi yake ɗauka, kuma yana dafa abincin da shi kansa ba ya ci a gidansa, domin harshen wanda ba ɗan ƙasa ba. Daga gidajen Turawa aikin ya shiga gidajen saukar baƙi na gwamnati da makarantun kwana da asibitoci da barikokin soja, daga baya ya shiga manyan otal-otal, irin su Hamdala a Kaduna, da Central da Daula a Kano, da Durbar wanda aka gina a Kaduna saboda bikin FESTAC na 1977.

Bahaushe bai ɗauki wannan aiki da daraja ba, kuma akwai dalili. A wurinsa tukunyar miya ta mace ce, wuƙa da tukuba na namiji. Namijin da ya kama muciya ya ƙetare wannan iyaka, kuma waɗanda aka fi sani da ƙetare ta a tashoshin mota da kasuwanni su ne 'yan daudu, masu soya kaji da tuya da sayar da shinkafa. Saboda haka aikin kuku ya haɗa abu biyu da ake gudu: barantaka a gidan Nasara, da kama aikin mata. Wannan ya sa da yawa daga cikin masu aikin kuku a manyan gidaje da otal-otal na Arewa suka kasance mutanen wasu wurare ne. Sai a hankali mai shayi ya sassauta wannan ra'ayi, musamman bayan da taliyar Indomie ta yaɗu daga shekarun 1990, aka saba ganin saurayi tsaye gaban kasko yana soya ƙwai, ba wanda ya ce masa komai.

Yadda Gasar Ta Shiga Telebijin

A ƙasashen waje ma gasar gwanayen girki ba tsohon abu ba ne sosai. A 1987 aka fara babbar gasar Bocuse d'Or a birnin Liyon na Faransa, inda ake girki a gaban jama'a. Gidan BBC na Ingila ya fara shirin MasterChef a 1990 domin masu girkin gida, sai a 2008 ya buɗe reshe na masu sana'a zalla. Japan ta fito da Iron Chef a 1993, Amurka ta fito da Top Chef a 2006, kuma tashar MBC ta Larabawa ta shiga nuna nata Top Chef ɗin daga 2016. Ga wanda yake da faifan da ke kama tashoshin Larabawa, wannan na ƙarshen shi ne mafi kusa.

A Nijeriya kuwa ta hannun kamfanonin ɗanɗano girki ya shiga telebijin. Dunƙulen Maggi, wanda aka ƙirƙiro a Turai a 1908, mallakar kamfanin Nestlé ne tun 1947, kuma kamfanin ya ɗauki nauyin shirin Maggi Family Menu a NTA shekaru da dama. Kamfanin Unilever shi ma ya kawo gasar Knorr Taste Quest a shekarun 2010. A Hausa an san shirin Akushi da Rufi na Arewa24, ga kuma shirye-shiryen girkin azumi da kamfanoni kan ɗauki nauyi in Ramadan ya zo. Sannan a watan Mayu na 2023 wata mai sana'ar girki a Legas, Hilda Baci, ta yi kwanaki tana dafa abinci ba ƙaƙƙautawa, masu kundin Guinness suka tabbatar mata da awa 93 da minti 11, kafin wani ɗan ƙasar Ailan, Alan Fisher, ya zarce ta a cikin shekarar da awa 119 da minti 57. Labarinta ya kai ko'ina, kuma tun daga lokacin kalmar shef ta ƙara zama a bakin yara, ta ture kuku gefe.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na kamfanoni, domin mai ɗaukar nauyin shiri yana da abin sayarwa, kuma abin da yake sayarwa kishiyar daddawa ne.

Abin da 'Yan Kallo Ke Cewa

Abin da zan kawo a nan shi ne abin da kunnena ya ji a gidajenmu da majalisun samari a Koguna da Makoɗa da kewaye. Na ga maganganun sun tattaru a kan abu huɗu.

Magana ta farko ita ce ta alƙalai. Mutane kan ce, to mu ina muka san ya yi daɗi? An nuna mana faranti, mutum ya kai cokali baki, ya ɗaga kai sama, ya ce gishiri ya yi yawa, shi ke nan an kori bawan Allah. Gani ba ci ba, in ji Hausawa. Wannan ƙorafi ya fito ne kai tsaye daga tsarin da na bayyana a baya, inda mai ci shi ne mai hukunci. A ƙwallon ƙafa kowa ya ga ƙwallo ta shiga raga, a dambe kowa ya ga wanda ya faɗi, amma a gasar girki ɗan kallo ba shi da komai sai amanar alƙali. Da ya rasa harshe sai ya koma ga ido, ya duba yadda mutum ya riƙe wuƙa, ko ya wanke hannu, ko da hagu ya zuba gishiri, ko ya ɗanɗana da ludayi ya mayar cikin tukunya. Matan gida sun fi kowa kaifin ido a nan. Daga launin albasa a cikin mai sukan ce wannan miya ba za ta yi ba, kuma sau da yawa sai alƙali ya zo ya faɗi abin da suka faɗa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne ke tuhumar alƙalai. A 2018, a shirin MasterChef na Ingila, an fitar da wata mata 'yar asalin Malesiya, Zaleha Kadir Olpin, bayan da alƙali ya kushe kazarta da cewa fatar ba ta yi ƙarau ba. Alhali kuwa irin wannan dahuwa, wadda suke kira rendang, a cikin madarar kwakwa ake barinta ta daɗe a wuta har ta yi laushi. Mutanen Malesiya da Indunusiya suka yi caa, har firayim ministan Malesiya na lokacin, Najib Razak, ya sa baki. Haka nan a 2014 mutanen Afirka ta Yamma suka taso wa Jamie Oliver, shahararren kukun Ingila, saboda yadda ya sarrafa dafa-duka. Ashe ke nan in matar Makoɗa ta ce wanda bai tashi da miyar kuka ba ba zai yi mata alƙalancin miyar kuka ba, tana da abokan ra'ayi har a bangon duniya.

Magana ta biyu ita ce ta yawan abinci. Wata rana ana kallo a waya sai gwaggota ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ɗan abin da ya ɗiga a tsakiyar faranti na ɗanɗano ne, ko kuwa shi ne abincin?" Na ce, "Gwaggo, ai shi ke nan abincin." Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Baƙo ya taso tun daga Wailare ka ajiye masa wannan, ai ka ce masa kada ya sake zuwa." Dariya aka yi, amma maganar tana da nauyi. A wurinmu gwanintar mai girki tana cikin auki, watau mudu biyu ya ciyar da mutum goma sha, kowa ya ƙoshi, almajiri ya samu, a kuma bar na ɗumame. Haka nan in aka ga mai gasa ya yanki tsakiyar nama ya ture sauran, ko ya juye tukunya a shara don ta ɗan kama, sai ka ji ana salati. Ƙasar da ta ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da farin 1972 zuwa 1974, ba za ta kalli zubar da abinci a matsayin wasa ba. Ba ma sai an koma da nisa ba: bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya auno gero da tsada ranar kasuwa da wannan idon yake kallo.

Magana ta uku ita ce ta agogo. A gasar akan ba mutum awa ɗaya, wani lokaci ma rabin awa. 'Yan kallo kan ce, me zai dahu? A nan ne nake ganin tsarin gasar ya fi cutar da abincinmu, domin mafi yawan gwanintarsa tana faruwa ne kafin a ɗora tukunya. Ɗauki daddawa: a dafa kalwa ta kwana a wuta, a surfe ta a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa daidai, sannan a kirɓa a shanya. In ta gaza ba ta da ƙamshi, in ta zarce ta lalace, kuma hanci kaɗai ke gaya wa mai yi lokaci ya yi. Ɗauki fura: surfe, wanki, daka, cura, dahuwa, kirɓi. Ƙullun waina sai ya kwana ya tashi. Gasar da ta ba da minti sittin ta riga ta zaɓi abincin da zai ci tun kafin a fara, watau shinkafa da taliya da naman da ake soyawa nan take, kuma ta zaɓi dunƙule a kan daddawa, domin dunƙule ɓarewa kawai ake yi. Yarinyar da ta girma tana kallon wannan za ta iya ɗauka cewa abin da uwarta ke yi wahala ce kawai, gwaninta kuwa tana wurin mai farar hula.

Magana ta huɗu ita ce ta maza. A nan ra'ayi ya rabu. Dattawa kan yi tsaki in sun ga ƙato da gemu yana kuka don an ce miyarsa ta yi ruwa, kuma tsakin nan gadon abin da na faɗa ne game da kuku. Samari kuwa lissafi suke yi. Sun ga kyautar kuɗi, sun ga mutum ya buɗe gidan abinci, sun san 'yan'uwansu da ke ci-rani a Legas da Abuja da Fatakwal da yawa tsire da shayi suke sayarwa. Na ji wani yana cewa in dai haka ake girmama mai dahuwa, to mai tsiren garinsu ya fi rabin waɗannan iya wuta. Mata kuma tasu tambayar daban ce: yaya aka yi aikin da suke yi kullum sau biyu ko uku, ba albashi ba tafi, da namiji ya sa farar riga ya yi shi sau ɗaya sai a ba shi mota? Ban ji wanda ya ba su amsa mai gamsarwa ba.

Kammalawa

Mai karatu zai ga cewa waɗannan maganganu huɗu kowacce tana komawa ga wani abu a tarihinmu: tsohon tsarin da mai ci ke yin hukunci, da tsoron yunwa, da irin abincin da gero da kalwa ke bayarwa, da kuma iyakar da aka shata tsakanin muciya da tukuba. Ba na cewa gasar ba ta da amfani. Ta koya wa mutane tsabtar madafa da auna kaya, ta kuma ɗaga darajar sana'ar da aka daɗe ana rainawa, kuma yaran da ke karatun girki da kula da otal a kwalejojin kimiyya da fasaha yanzu ba sa ɓoye abin da suke karantawa. Abin da nake tsoro shi ne mu karɓi ma'aunin wasu gaba ɗaya, har mu wayi gari mai daddawa da mai fura ba sa cikin lissafin gwanaye.

Shawarata ga gidajen telebijin namu na Kano ita ce, in za su shirya irin wannan gasa, su shirya ta a kan ma'auninmu. A gayyato masu waina da masu fura da masu kilishi da masu gurasa, waɗanda da sana'ar suke ci suke sha. A ba da kwanaki inda abinci ke bukatar kwanaki, a nuna aikin tun daga turmi. A sa auki cikin abin da ake ba maki. A kuma zaunar da jama'ar gari su ci, a ji ta bakinsu tare da na alƙalai. In an kai ta ƙauye ma ya fi, domin a can kayan suke, a can kuma masu hannun suke.

Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa akwai namu aikin. Mun tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana, amma kalmomin madafa ba mu kula da su sosai ba. Ɗalibai nawa ne a cikinmu za su iya bambanta surfe da ribɗi, ko talge da ruɗe, ko su faɗi amfanin madambaci? Ina roƙon duk wanda zai je gida hutu ya zauna da tsofaffin gidansu da takarda da alƙalami, ya rubuta yadda ake yin abinci ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da sunan kowane mataki da kowane kayan aiki, ya kawo wa wannan mujalla. Ni na ɗauki daddawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu dace, amin.